Rumbun da Na Gina Kaina a Ciki

Tun da na dawo daga Adar ba a bar ni na sha ruwa da daɗi ba. In na shiga kasuwar Matameye tambaya, in na zauna gindin gawo tambaya, har wurin gaisuwar mutuwa an taɓa jan gefen rigata a ce, "Ilu, wai da gaske ne?" Na kuwa san ba labarin hanya kuke nema ba. Abin da fatake suka riga ni kawowa gida, shi kuke so ku ji daga bakina ku ƙara dariya. Fiye da shekara guda ina share ku. Yau zan faɗa, amma daga tushe zan ɗauko, wanda ya ƙosa kuwa ya tashi, ban ɗaure ƙafar kowa ba.

Ga wanda bai san mu ba, gidanmu gidan masu rumbu ne. Ubanmu, Allah ya jiƙansa, shi ya saƙa rabin rumbunan garin nan, na zana da kara, ya ɗora musu jinka. Da ya rasu yayana Barmo ya riƙe gandu ya riƙe sana'a, ni ina bin bayansa.

Shekarar da abin ya faru an yi damina mai albarka, rumbuna suka cika har wuya. Bayan kaka da wata biyu, rana tsaka, iska ta ɗauki garwashi daga murhun wani gida ta jefa kan danga. Kafin a jawo guga biyu daga rijiya wuta ta kai ga rumbuna. Na tsaya ina kallon aikin hannuna yana ci, ɗaya bayan ɗaya, har da babban rumbunmu na gandu. Ƙaurin geron nan ya kwana uku bai bar gari ba. Amma ba wutar ce ta fi ƙona mini rai ba. Washegari waɗanda suka yi hasara suka zo zaurenmu, suka ce haka Allah ya so, in kaka ta kewayo mu sake saƙa musu irin na da. Yaya Barmo ya ce to. Ni bakina ya ƙi faɗar to ɗin nan.

A kwanakin ne wani madugu mai suna Nomau ya sauka garinmu da jakunan kanwa, za shi yamma. Ya ga toka, ya yi mana jaje, sannan ya ce a ƙasar Adar rumbu ba ya cin wuta, don da laka suke gina shi, wani ma ya fi ɗaki girma. Jama'a suka ce Allah mai iko, suka ci gaba da hirarsu. Ni maganar ta tsaya mini a rai. Da la'asar na sami Yaya yana murza igiya, na durƙusa.

"Yaya, ina so in bi madugu in gano abin nan."

"Ka gano mi? Tukunya? In tukunya kake so, ga matan Mirya nan kusa, sai su koya maka."

"Rumbu ne, Yaya. Wanda wuta ba ta ci."

"Sana'ar da ubanka ya cishe ka da ita, ita ce yau ka raina?"

"Ban raina ta ba. Tokarta na gani."

Ya ci gaba da murza igiyarsa. Sannan ya ce, "Tahi. Kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi. Amma ka ji da kyau, hatsin gandu ba ya shiga tukunya ina da rai."

Matata Hassu ba ta hana ni ba, ba ta kuma lallashe ni ba. Ta daka mini gumba daga ɗan abin da ya tsira a ƙaramin rumbu, ta ƙulle a tsumma, ta ce, "In ka dawo hannu rabbana, ka biyo ta bayan gida, kada ka bi ta kasuwa." Da wannan addu'ar na bar Matameye.

Madugu Nomau ya karɓe ni bisa sharaɗin in kora masa jakuna huɗu. Muka bi ta Kance muka karkata yamma. Ni da ban taɓa tafiyar da ta wuce wuni ɗaya ba, kwana biyu kacal cinyoyina suka fara ba ni labari. Cikin jakunan akwai wata baƙar jaka da ta gane baƙo ne ke korarta. Duk inda ta ga yashi mai laushi sai ta durƙusa ta yi birgima da mangala, kanwa ta watse, in bi ina tsinta, fatake suna wucewa suna mini sannu da aiki. Sau uku ta yi mini haka a rana ɗaya. Daga baya wani dattijon farke ya ji tausayina, ya nuna mini yadda ake kama mata wutsiya da zarar ta fara sansanar ƙasa. Muka zauna lafiya da ita, amma ban yafe mata ba.

Kwana na biyar muka fita daga ƙasar Damagaram. Ba wata alama, gonaki dai suka ɗauke, daji ya yi kauri, madugu ya hana waƙa. Muka iso wani gari mai ganuwa kafin Tasawa, inda ba a ƙaunar ganin mutumin Damagaram, don tsakaninmu da su an sha zubar da jini. Masu tsaron ƙofa suka duba kayan kowa. Da suka zo kaina suka ga ba ni da komai sai buta da wuƙa da ƙullin gumba.

"Kai ina kayanka?" in ji babbansu, wani mai tabo a goshi.

"Ba ni da kaya. Koyon gini za ni, Adar."

"Ginin mi?"

"Ginin rumbun laka."

Ya dubi abokansa. "Kun ji. Ya baro Damagaram, za shi Adar koyon cuɗa laka. Wanga ko mahaukaci na ko ɗan leƙen asiri. Mahaukaci kuwa bai yawo da buta."

Suka zaunar da ni a rana, ayari ya shige ciki. Madugu ya sa baki, suka ce ya kama gabansa. Ba zan ɓoye muku ba, na ji tsoro, don na san abin da ake yi wa ɗan leƙen asiri, in an yi masa sauƙi ne a sayar da shi. Ina zaune sai idona ya kai kan rumfar da suke fakewa. Zanar ta zazzage, an ɗaure ta da ɗaurin da ko ɗan akuya ba zai riƙe ba. Tsoro bai hana ni jin haushi ba. Na ce wa mai tabon, "Wanda ya yi muku rumfar nan ya cuce ku. Ku ba ni gamba da kaba, in ban gyara ta kafin la'asar ba ku yi yadda kuka so da ni." Suka kawo don su ga ƙaryata. Na zauna na saƙa, na hau na ɗaure. Da na sauko mai tabon ya shiga ƙarƙashi ya ɗaga kai yana neman rana, bai samu ba. Ya ce, "Mahaukaci na, amma yana da hannu. Wuce." Har ɓarin goro ya ba ni.

A garin muka kwana biyu gidan wata tsohuwa mai saukar da fatake. Mutuniyar kirki ce, amma furarta in ka leƙa ƙwarya kana hango ludayi kwance a ƙasa. Na ce mata, "Inna, a garinmu wannan ruwan wanke ƙwarya ne." Ta ce to in koma garinmu, ta ji an ce can toka muke damawa. Ashe madugu ya riga ya ba ta labarinmu. Na shanye furata na yi godiya.

Daga nan muka bi ta Maraɗi da Tsibiri. Gobirawa gaisuwarsu ma kamar za a dambace, amma ban kwana da yunwa a ƙasarsu ba. A Madawa kuwa na ga abin da ya rage mini girman kai kaɗan. Mata ne zaune a inuwa suna saƙar tabarmar kaba, baƙi da ja, hannu na tafiya baki na tafiya, ba mai duban abin da take yi. Na ɗauki guda na juya ta ina neman inda aka haɗa, ban gani ba. Mai tabarmar ta ce in ba saye zan yi ba in aje mata, kada in cinye ta da ido. Na ce mata ni ma masaƙi ne. Ta dubi hannuwana ta ce, "Na zana ko? An gani."

Bayan Madawa ƙasa ta sake. Mu nan yashi muka sani, mutum sai ya yi gemu bai ga dutsen da ya fi dutsen niƙa ba. Can gonar ma duwatsu ce, a tsakaninsu suke shuka. Takalman da baduku ya ɗinka mini a gida ba su kwana biyu ba suka rabu, na ƙarasa da tsumma ɗaure a ƙafa. Kwananmu goma sha shida a hanya. Sunan ƙauyen da na sauka ba zan faɗa ba, dariyar da suka yi mini ta ishe su, ba sai na ƙara musu da suna ba.

Tun daga nesa na hango su. Na ɗauka ɗakuna ne, ashe rumbuna ne, jajaye, masu ƙaton ciki da ɗan ƙaramin baki a sama, kowanne zaune bisa duwatsu. Sun fi ɗakunan garin yawa, sun kuma fi su kyau. Na je na dafa guda na ƙwanƙwasa. Kaurin bangon bai wuce yatsu uku ba, ga shi ya kai tsayin mutum biyu. Na tsaya nan baki sake har jakuna suka bar ni.

Madugu ya kai ni wurin maginin garin, ya ce shi zai wuce gaba, bayan wata biyu zai biyo ta nan, kuma ko wuni ɗaya ba zai jira ni ba saboda damina. Maginin sunansa Arzika, wani tsoho siriri kamar karan dawa. Ya dube ni daga tsumman ƙafa har kai.

"Mi kaz zo nema, Badamagare?"

"Gini, Baba."

"Can ƙasarku babu laka?"

"Akwai wuta dai."

Bai ƙara tambaya ba. Ya nuna mini zaurensa ya ce in aje butata.

Abincinsu fura ce safe da rana, tuwo sai jefi-jefi, miya kuwa duk albasa ce da gabu, busasshen ganyenta, har gumina ya koma warin albasa. Ruwa daga nesa mata ke ɗauko shi, in ka zubar da ragowar ruwan alwala sai a dube ka kamar ka zagi uban wani. Amma sun iya ajiya. Ruwan sama ba kowace shekara yake musu kara ba, saboda haka mutum ba ya jin ya wadata sai ya ga geron bara da na bara waccan a liƙe. Wani manomi maƙwabcin Arzika, mai suna Dari, ya buɗe wani rumbu a gabana ya ciro zangarniyar da ta shekara uku. Na murza na tauna, ba gara ba ruɓa. Ranar na ji kunyar duk rumbunan da na taɓa saƙawa.

Lakar ba kowace ba ce. Daga gindin wani tafki da ya ƙafe ake haƙo ta, a haɗa da ƙaiƙayi da yankakkiyar ciyawa da kashin jaki, a tattake, a rufe ta kwana bakwai har ta yi wari. Ranar aza tushen rumbun farko da na taya shi, Arzika ya zuba fura a kan duwatsun yana magana ƙasa-ƙasa da waɗanda ban gani ba. Ni bismillah na yi. Bai hana ni ba, ban hana shi ba. Sannan a murza laka kamar igiya mai kauri, a kewaya da ita, hannu ɗaya ciki ɗaya waje, ana matsawa ana shafewa. In bango ya tashi taƙi ɗaya sai a tsaya, sai kuma gobe.

Nan muka fara saɓawa. Ni na saba in tashi rumbu cikin kwana biyu. Rana ta uku, da ya tafi duba wani aiki, na ga rana da sauranta, laka da sauranta, na ƙara taƙi biyu. Kafin ya dawo bangon ya yi ciki ya zauna kamar tuwon da ruwa ya yi wa yawa. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya ce, "Zana na jin gaugawa, laka ba ta ji. Kwashe mu sake."

Bayan mako biyar Dari ya nemi a gina masa ƙaramin rumbu. Arzika ya ce wannan nawa ne daga tushe har baki, ba zai sa hannu ba. In ya tsaya ba tsaga, zai sa mini albarka in je in gina a ƙasarmu. In ya tsage, in koma ga zanata, kada in je gabas in ɓata masa suna. Na ce na yarda. Kwana goma sha takwas ina binsa taƙi-taƙi, ban ƙara ko yatsa ɗaya ba.

To, ga inda kuke jira. In bango ya wuce kai, daga ciki magini yake aiki, bisa wani itace mai rassa da ake tsayarwa a tsakiya, yana tattaro bakin yana ƙanƙancewa. Na sha ganin Arzika in ya zo rufe baki yana gwada faɗinsa da wani guntun kara da yake sokewa a jinkar zaurensa. Mu kuwa a gidanmu awo ɗaya ne. Igiyar da ubanmu ya ƙulla, da ita Yaya ke awo, da ita nake yi, da ita 'ya'yanmu za su yi. Sai na ɗauka karan nan shi ne awon sana'a, kowa da shi yake gwadawa. An ce matambayi ba ya ɓata, amma ni a lokacin gani nake na gama sani. Da sassafe na zare karan, na shiga rumbun, na aza zagayen ƙarshe daidai da shi. Sannan na sauka ƙasa na kama yaɓen ciki, ina shafawa ina jin daɗin kaina. Ranar Adar kuwa ba ta wasa. Kafin la'asar bakin ya bushe ƙamas.

Na hau zan fita. Kai ya wuce, kafaɗu suka ce ba su san zancen ba. Na koma na miƙa hannu ɗaya, na karkace, na fitar da numfashi, a banza. Na miƙa duka biyun, nan ma na cije. Kun dai san ni, ba a taɓa kirana siriri ba.

Dari ne ya fara gani, ya ga kan mutum a bakin rumbunsa yana zare ido. Maimakon ya taimake ni sai ya ruga cikin gari. Kafin in sake numfashi duk wanda ke da ƙafa ya iso. Arzika ya jingina tsani ya hau, fuskarsa daidai tawa.

"Karana kaɗ ɗauka?"

"Shi na ɗauka, Baba."

"Wanga kara kafaɗuna na. Kowane magini da nashi shika aiki, bisa kafaɗunai shika yanke shi. Mi yah hana ka tambaya?"

Ya sa aka miƙo masa gatari, ya ce in sauka ƙasa in kare kaina, zai fasa bakin.

"In an fasa, Baba, tsagar za ta tsaya a baki?"

"Wa yas sani? Wata ta tsaya, wata ta bi har gindi."

"To ba za a fasa ba."

"Sai ka zauna ciki har kaka, Dari shi zuba gero bisa kanka."

"Sai in zauna."

Jama'a suka kwashe da dariya, ni kuwa ba wasa nake yi ba. Saura kwana uku madugu ya iso, babu lokacin sake wani ginin. In rumbun nan ya tsage na zo a banza, zan koma in zauna a zaurenmu ina saƙa wa wuta abinci har in mutu. Zafi a ciki ba a magana, gumi yana shiga mini ido, amma na rantse a raina sai dai a fasa ni, ba rumbun ba.

Matar Arzika ce ta raba gardama, wata tsohuwa da ake kira Inna Tamo, wadda tun zuwana ba ta taɓa ce mini komai ba sai "ga hura". Wani ya ce a kawo man shanu. Ta ce man shanunta ba na Badamagare ba ne. Ta tafi ta jiƙo karkashi cike da ƙwarya, mai yauƙi, irin wanda suke shafa wa akuya in haihuwa ta yi gardama. Aka zuro mini da igiya. Ta ɗaga murya daga ƙasa ta ce, "Tuɓe, ɗana. Babu abin da kaka da shi wanda ba mu gani ba."

Na tuɓe, na shafe jikina tun daga wuya har ƙugu. Na miƙa hannuwa sama, ƙarti biyu suka hau, kowa ya kama guda. Arzika yana ƙasa yana ihu a bi a hankali, rumbu yake nufi, ba ni ba. Suka ja. Na ji fatar kafaɗuna tana saɓulewa, na ji wani abu ya yi ƙara a haƙarƙarina, sai ga ni na sulluɓo waje, daga ni sai bante, ina ta yauƙi a gaban maza da mata da awaki. Wata mata ta rangaɗa guɗa, ta ce an samu namiji.

Ban nemi riga ba. Na kewaya rumbun sau biyu ina shafawa da tafin hannu ina neman tsaga, jini yana bin bayana. Babu. Arzika ma ya kewaya, ya sa kunne ya ƙwanƙwasa. Da ya gama ya sa aka yanko sabon kara, ya gwada a kafaɗuna, ya ƙara yatsu biyu, ya yanke ya ba ni. Ya ce, "Wauta kag gwada, amma rumbu ya tsaya. Tahi ka gina." Dari kuwa cewa ya yi shi bai damu ba, da ma ƙaramin baki ya fi hana ɓarawo.

Komowa ba ta da labari mai yawa. Fatake sun iso ana tsakiyar zancen, suka ɗauke shi suka ƙara masa gishiri, kuma da yake wasu sun rabu da mu a Tasawa sun yi gaba, labarin ya riga ni isowa da kwana biyu. Duk da haka ta kasuwa na biyo, ranar kasuwa kuwa, ina ɗingishi. Wani ya ɗaga murya ya ce, "Barka da arziki, jariri!" Na ce masa Allah ya ba shi nasa.

Kun ji abin da kuka zo ji. Saura wanda fatake ba su sani ba, don bayan wucewarsu ya faru.

Damina ta sauka, muka yi noma da rabin ciki kamar kowa a shekarar. Da ruwa ya ɗauke na fara gini a bayan ɗakin Hassu. Na farko da ƙasar gidanmu na yi, ya tsage tun bai kai ƙugu ba, don ƙasarmu yashi ce, ba ta riƙe kanta. Ranar an yi dariya har da masu riƙe ciki. Na rushe shi da ƙafata. Na ari jaki na yi ta yawo har na sami laka mai danƙo a wani kwari wajen Tsauni, na haɗa ta da ƙasar suri, na yi ta jigila. Duwatsun zama kuwa sai da na bi gida-gida ina roƙon tsofaffin duwatsun niƙa.

Na biyu ya tsaya. Na je na durƙusa gaban Yaya na ce ga rumbu, a zuba na gandu ko da rabi ne. Ya tashi ya bar ni durƙushe. Washegari na tarar an ware dammunan gero, rabona, an jibge a ƙofar sashena. Wato ya raba gandu ke nan, gandun da ubanmu ya bari, wanda ba a taɓa jin kanmu a kansa ba. Wannan ya fi saɓulewar kafaɗa ciwo, kuma na yi hawaye, ba na jin kunyar faɗa. Amma ban je ba da haƙuri ba, don ban ga laifin da na yi ba. Ni da Hassu muka ware na ci zuwa bazara, sauran duka muka zuba a ciki, har da iri, na liƙe baki da laka. Abincinmu na damina da na 'ya'yanmu uku, duk yana cikin abin da gari ke kira tukunyar Ilu.

Rani ya wuce, tsakanina da Yaya sai gaisuwa. Sai dai akwai abu guda. Rumbun laka wuta ba ta cinsa, amma ruwa yana cinsa. Dole kafin damina a ɗora masa hular ciyawa da za ta zubar da ruwa nesa da bango. Ta Adar ƙarama ce don ruwansu kaɗan ne, namu kuwa ya fi nasu, kuma da iska yake zuwa. Na ɗaura mai faɗi ni kaɗai. Jinka aikin mutum biyu ne, ɗaya na ja ɗaya na ɗaurewa, kuma a gidanmu kullum ni ke ja, Yaya ke ɗaurewa, don daga nan har Kurni babu wanda ya kama ƙafarsa a ɗauri. Tawa ta hau dai, amma a karkace, ni ma na san a karkace take. In ruwan fari ya zo da iska zai sami bangon gabas, ya jiƙa mana iri da abinci gaba ɗaya. Hassu ta ce in je in roƙe shi. Na ce sai dai ya jiƙe.

Ran nan da hantsi, an tashi da zafi mai nauyi irin na gabanin ruwa, ina tsaye ina duban hular ina duban gabas, sai ga Yaya Barmo ya shigo da igiya a kafaɗa da damin shucin jinka a ka. Bai yi sallama ba. Ya kewaya rumbun ya ɗaga kai.

"Wa ya yi wannan abin kunya?"

"Ni na yi."

"Mutane su wuce su ce ɗan gidanmu ne ya yi baibayar nan? Kawo tsani."

"Ban kira ka ba, Yaya."

"Ni ma ba don tukunyarka na zo ba. Kama nan ka ja."

Na kama na ja. Ya warware aikina duka ya watsar, yana ɗaurewa yana faɗa. Ya zagi ɗaurina, ya zagi Adar, ya zagi madugun da ya kai ni. Ban ba shi haƙuri ba. Hadari ya haɗu muna sama. Muna ƙulla igiyar ƙarshe iska ta taso, muka sauko muka raɓe ƙarƙashin hular, bayanmu jingine da bango. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, yana zuba can nesa da gindin, ko ɗigo bai taɓa lakar ba. Hassu tana leƙe daga ƙofar ɗaki.

Da ruwan ya tsagaita Yaya ya juya ya ƙwanƙwasa bangon da bayan yatsa, ya kasa kunne. Ya duƙa ya sake ƙwanƙwasawa can ƙasa. Sannan, bai dube ni ba, ya ce, "Dami nawa yake ci?"

Na ce masa in kaka ta yi ya kawo nasa ya ƙirga da kansa.

Ya yi tsaki, ya naɗe sauran igiyarsa ya fita cikin yayyafi. Bai ce a'a ba.